Mota mai naɗaɗɗen rufi: me ke kare mutum idan babu ƙarfe a samansa?

Daga ranar 7 ga Yulin 2024, duk sabuwar motar da za a yi wa rajista a ƙasashen Tarayyar Turai dole ta zo da wasu na'urorin kariya: burkin da ke kama kansa idan karo ya gabato, na'urar da ke tuna wa direba iyakar gudu, wadda ke lura da alamun gyangyaɗi, da mai naɗar bayanan hatsari. A watan ne kuma wata ƙa'ida ta daban, ta kare kwamfutar mota daga masu kutse, ta hau kan dukkan sabbin motoci. Wannan ta biyun ce ta sa kamfanin Porsche ya janye yawancin samfurin 718 Boxster daga kasuwar Tarayyar. Da yake Boxster mota ce da ake naɗe rufinta, wanda ya ji labarin sama-sama zai iya ɗauka cewa hukumomi sun yanke wa irin waɗannan motoci hukuncin rashin aminci. Ba haka ba ne. An janye Cayman, 'yar'uwarta mai rufin ƙarfe, a lokaci guda kuma bisa dalili guda: tsarin lantarkinsu ya tsufa, sabunta shi kuwa zai ci kuɗin da kamfanin bai ga zai mayar ba.

Duk da haka shakkun yana da tushe. Rufi na cikin abubuwan da ke tsare ran mutum a mota, kuma idan aka cire shi dole wani abu ya ɗauki aikinsa. Wasu daga cikin abubuwan da suka ɗauki aikin doka ce ta tilasta su, wasu kuwa ganin damar kamfani ne.

Wace mota ake nufi

Ana maganar motar da direba zai sauke rufinta ya tuƙa ta a buɗe, ya mayar idan ya so. Manyan ire-irenta biyu ne. Akwai mai rufin yadi, wato ƙyalle mai kauri hawa-hawa da aka shimfiɗa a kan ƙarafa masu gaɓoɓi, da gilashi a baya. Akwai kuma mai rufin ƙarfe ko alminiyam da ke rabuwa gida biyu ko uku ya kwanta a cikin but. Dabarar ta biyun tsohuwa ce, kamfanin Peugeot ya gwada ta a shekarun 1930, Ford ma ya yi a 1957, amma Mercedes SLK ta 1996 ce ta sa ta zama ruwan dare. Tsakanin su akwai irin da Porsche ya raɗa wa suna Targa a 1965, inda falle ɗaya kawai ake cirewa a saman kujeru, a bar ƙaton bakan ƙarfe a bayan kai.

Abin da masu saye suka fi kuskurewa shi ne zaton cewa rufin ƙarfe mai naɗewa daidai yake da rufin motar yau da kullum. Gaɓoɓi da makullai ne ke riƙe da shi, ba walda ba. Yana tare ƙara da sanyi da wuƙar ɓarawo, amma injiniyoyi ba sa dogaro da shi wajen ɗaukar nauyin mota idan ta kife. Dokar Amurka ma aji ɗaya ta sa su: duk motar da ba ta da kafaffen ƙarfe da ya haɗa ginshiƙan gilashin gaba da ginshiƙan baya, buɗaɗɗiya ce a wurinta, ko da me aka yi rufin.

Ayyukan da rufi ke yi

A motar yau da kullum rufi yana ɗaure bodi kada ya murɗe, yana riƙe sarari a saman kawunan mutane idan mota ta yi adungure, yana hana a yi jifa da mutum waje. A jikinsa da ginshiƙansa kuma ake maƙala saman bel da jakar iskar da ke saukowa ta rufe tagogi.

Wanda ya taɓa murɗa kwali yana rufe, sannan ya yanke murfin ya sake murɗawa, ya san abin da ke samun mota idan aka cire mata rufi. Tsoffin buɗaɗɗun motoci sun yi suna da wannan: da zarar an hau hanya mai gargada, sitiyari da madubi da gilashin gaba sai su kama kakkarwa. Matsalar ta wuce ta jin daɗi. Bodin da ke murɗewa ba ya barin tayoyi su zauna daram a kan kwalta, kuma a lokacin karo ba ya rarraba ƙarfin bugu yadda aka tsara.

Maganin da aka samo shi ne a mayar da ƙarfin ƙasa. Ana kaurara dokin ƙofa ta kowane gefe, a gicciya ƙarafa a ƙarƙashin mota, a kafa bango mai ƙarfi a bayan kujeru, a cusa bututun ƙarfe mai tsananin tauri a cikin ginshiƙan gilashin gaba. Wannan ne ya sa buɗaɗɗiyar mota mai kujeru huɗu takan fi takwararta mai rufi nauyi, sau da yawa da kilo 100 ko fiye, duk da cewa an rage mata wani sashe. Motocin da tun farko aka zana su a matsayin buɗaɗɗu, irin su Mazda MX-5 da ta fito a 1989, ba sa buƙatar ƙari mai yawa. Kamfanin McLaren kuwa yana yin ƙashin motocinsa da zaren kabon, wanda ƙarfinsa ya isa ko babu rufi.

Dokar da aka ji tsoro, da wadda ta zo

Tun tsakiyar shekarun 1960 kamfanonin mota suka shiga fargabar cewa Amurka, babbar kasuwarsu, za ta kafa ƙa'idar kifewa da buɗaɗɗiyar mota ba za ta iya cikawa ba. Wannan fargabar ce ta haifi Targa. Ta kuma haɗu da yaɗuwar na'urar sanyaya mota da ƙaruwar gudu a manyan hanyoyi, sai ciniki ya faɗi, har kamfanin Cadillac ya tallata Eldorado ta 1976 a matsayin buɗaɗɗiyar mota ta ƙarshe a Amurka. Haramcin bai zo ba, kuma a 1982 Chrysler ya dawo da irin motar kasuwa.

Abin da ya zo shi ne togaciya. Ƙa'idar ƙarfin rufi ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1973, ta ce rufi ya iya ɗaukar nauyin motar sau ɗaya da rabi. A 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ta ɗaga shi zuwa sau uku ga ƙananan motoci. Duka biyun sun cire buɗaɗɗun motoci daga ciki. Haka ma ƙa'idar 2011 ta hana jefar da mutum waje ta taga. Ma'anar wannan ita ce: a karon gaba da na gefe da na baya, buɗaɗɗiyar mota tana ƙarƙashin doka ɗaya da sauran motoci. A kifewa kuwa, wurin da ta fi rauni, kamfani ne ke yanke wa kansa iyakar abin da zai yi.

Kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa

Mafi muhimmancin abin da kamfanoni suka ƙirƙiro shi ne ƙarfen kariya mai tasowa da kansa. Mercedes ne ya fara shi a motar SL ta 1989, inda bakan ƙarfe ke kwance a bayan kujeru, ya miƙe cikin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa ɗaya idan mota ta fara kifewa.

Yadda yake aiki a motocin yau ya cancanci a bi shi daki-daki. Akwai na'urori da ke auna yadda mota ta karkata, da saurin karkatar, wasu har da ko tayoyi sun bar ƙasa. Idan kwamfuta ta ga lissafin ya wuce inda mota za ta iya dawowa kan ƙafafunta, sai ta saki makullin da ke danne da ƙarafa biyu a bayan matashin kan kujerun baya. A wasu motocin maganaɗisun lantarki ne ke sakin makullin, a wasu ɗan ƙaramin abin fashewa ne irin na jakar iska. Sifirin mai ƙarfi, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle idan an sake shi, ya cilla ƙarafan sama, haƙoran da ke jikinsu su kama, yadda nauyin mota ba zai iya mayar da su ƙasa ba. Idan rufin yana rufe, a wasu samfuran kan ƙarfen yana da tsini da ke fasa gilashin baya ya wuce. A daidai lokacin ne kuma wata na'ura ke fizgar bel ta manne mutum da kujera.

Sararin da mutum zai tsira a cikinsa shi ne abin da ke ƙarƙashin layin da ya tashi daga saman gilashin gaba zuwa kan waɗannan ƙarafa. Masu shirya tseren motoci suna da hanyar gwada wannan ba tare da wata na'ura ba: direba ya zauna da hular kwanonsa, a ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga saman gilashin zuwa kan ƙarfen baya. Idan hular ta taɓa sandar, ba zai shiga fili da wannan motar ba. Gwajin yana nuna abin da talla ba ta faɗa: kariyar da dogon mutum ke samu a ƙaramar buɗaɗɗiyar mota ba ɗaya take da ta gajere ba, kuma ɗaga kujera sama yana cin wannan sararin.

Ba kowace buɗaɗɗiyar mota ke da ƙarfe mai tasowa ba. Wasu kafaffun baka gare su a bayan kujeru, wasu kuma ginshiƙan gilashin gaba kaɗai suka dogara da su. Akwai kuma ƙarafa masu ƙyalli da ake saye daban a ɗaura don ado, waɗanda ba a yi su don ɗaukar nauyi ba, kuma suna iya lanƙwashewa su bugi kan wanda ke zaune.

Jakar iska da bel

Tunda babu rufin da jakar iska za ta sauko daga gare shi, sai aka juya ta. Volvo C70 da ta fito a 2005 ta zo da jakar da ke ɓoye a cikin ƙofa, tana tasowa sama, kuma an yi ta da tauri yadda za ta tsaya da kanta ko gilashin taga yana ƙasa. Porsche ma daga ƙofa yake fito da tasa. Wasu kamfanonin sun zaɓi doguwar jaka da ke fitowa daga gefen kujera ta kare ƙirji da kai gaba ɗaya. Dukkansu suna taimakawa a karon gefe. Babu wadda ke rufe sama.

Saboda haka komai ya rataya ne a kan bel. Bel mai maƙali uku, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro a 1959, yana rage haɗarin mutuwa ga wanda ke kujerar gaba da kusan kashi 45 cikin 100, a ƙiyasin NHTSA. A mota mai rufi, wanda bai ɗaura bel ba yana iya wuntsilawa a ciki ya ji munanan raunuka amma bai fita ba. A buɗaɗɗiya babu abin da zai tare shi, kuma ƙarfen da ya taso cikin ƙiftawar ido ba shi da wani amfani ga mutumin da ba ya kan kujerarsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gwada buɗaɗɗun motoci guda 10 a 2007. Saab 9-3 da Volvo C70 ne suka samu lambar yabonta mafi girma, wasu kuma suka gaza sosai, abin da ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin samfuri da samfuri babba ce. A 2020 cibiyar ta fitar da wani bincike kan haɗurran 2014 zuwa 2018, inda ta kwatanta buɗaɗɗun motoci da takwarorinsu masu rufi na samfuri ɗaya. Idan aka auna da nisan tafiya, buɗaɗɗun sun shiga haɗurra ƙasa da na masu rufi da kashi 6 cikin 100, mutuwar direbobinsu ma ta yi ƙasa da kashi 11, kodayake masu binciken sun ce bambancin mutuwar bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba. Sai dai a cikin direbobin da suka mutu, kashi 21 cikin 100 na masu buɗaɗɗiyar mota an yi jifa da su waje, a masu rufi kuwa kashi 17. A haɗurran kifewa kaɗai, kashi 43 ne da kashi 35.

Ɓangarori biyu suna karanta waɗannan alƙaluma daban. Kamfanoni da masu goyon bayan togaciyar suna cewa sakamakon ya nuna ba a buƙatar sabuwar doka: motocin gajeru ne, nauyinsu yana ƙasa, ba su cika kifewa ba, kuma kariyar da aka saka bisa raɗin kai tana aiki. Suna ƙarawa da cewa gwajin da ake danna rufi da faifan ƙarfe ba shi da ma'ana a motar da ba ta da rufin. Masu suka kuma suna cewa ƙarancin haɗurran yana iya zama daga yadda ake tuƙa motocin ne, ba daga ƙirarsu ba: galibi ana fita da su a yanayi mai kyau, don nishaɗi, kuma ba sa yin tafiya mai yawa a shekara. Sannan tunda babu gwajin kifewa na dole, mai saye ba shi da ma'aunin da zai kwatanta wannan mota da waccan, sai abin da kamfani ya faɗa masa. Alƙaluman sun tabbatar da cewa buɗaɗɗiyar motar zamani ba tarkon mutuwa ba ce. Ba su tabbatar da cewa rufi ba shi da amfani ba.

Na'urorin da ke hana hatsarin aukuwa

Abin da ya fi rage haɗarin kifewa ba ya cikin abubuwan da aka yi musamman don buɗaɗɗiyar mota. Na'urar daidaita tafiya ce, ESC, wadda Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1995. Tana kwatanta inda direba ya juya sitiyari da inda motar ta nufa, idan ta ga mota za ta ƙwace sai ta kama burkin taya ɗaya ta dawo da ita kan hanya. Yawancin kifewa yana farawa ne da mota ta zame ta bar kwalta ta ci karo da gefen hanya ko rami. NHTSA ta ƙiyasta cewa na'urar za ta hana kashi 71 cikin 100 na kifewar ƙananan motoci a haɗurran da mota ɗaya ce kawai a ciki. Ta zama dole a Amurka daga samfuran 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014.

Sabbin na'urorin da dokar 2024 ta tilasta suna bin wannan sawu. Burkin gaggawa yana aiki da kyamara da rada, wato na'urar da ke auna tazarar abin da ke gaba, kuma a 2024 Amurka ma ta kafa ƙa'idar da ta sa Satumban 2029 a matsayin lokacin wajabta shi. Biyu daga cikin irin waɗannan na'urori sun fi amfani a buɗaɗɗiyar mota fiye da saura: mai gargaɗi kan motar da ke gefen da madubi ba ya nunawa, da kyamarar baya. Dalili kuwa, idan rufin yadi yana rufe, gilashin bayansa ƙarami ne, gefunansa kuma suna tare gani sosai. Tasirin waɗannan na'urori a kan darajar mota ya fito fili a gwajin Euro NCAP, cibiyar da ke auna amincin sabbin motoci a Turai: Mazda MX-5 ta samu taurari 4 cikin 5 a 2015, BMW Z4 da ta zo da cikakkun na'urori ta samu 5 a 2019.

Akwai ƙorafi a kansu. Na'urar iyakar gudu takan karanta allon hanya ba daidai ba, yawan ƙarar gargaɗi yana sa wasu direbobi su kashe ta, kuma dokar Turai ta sa ta kunna kanta duk lokacin da aka tada mota. Ga kuma tsada: buɗaɗɗun motoci ba a sayar da su da yawa, don haka kuɗin cika kowace sabuwar ƙa'ida yana rabuwa ne a kan motoci kaɗan. Wannan na cikin dalilan da suka sa samfuran masu sauƙin kuɗi ke ta raguwa a kasuwa.

Rufin kansa, iska da rana

Kamfanoni da dama sun koma rufin yadi. Na BMW 4 Series da ta fito a 2020 ya fi na ƙarfen da ya gada rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin 100, yana buɗewa cikin daƙiƙa 18 ko mota tana gudun kilomita 50 a awa. Mercedes SL ta 2021 ma ta koma yadi. Rage nauyi a sama yana ƙara wa mota zama a kwana. Akwai kuma kayan jin daɗi, kamar hucin ɗumi da ke fitowa daga matashin kai zuwa wuya, wanda Mercedes ya fara a 2004, da ragar da ke karya iska a bayan kujeru.

Wasu haɗurran ba su da alaƙa da karo. Likitocin kunne a Ingila da Amurka sun auna ƙarar da ke isa kunnen direba a gudun babbar hanya da rufi a sauke, suka samu tana kaiwa ko wuce desibel 85, matakin da daɗewa a cikinsa ke lalata ji. Ɗaga gilasan gefe yana rage ta. Rana tana dukan fata kai tsaye, iska kuma tana ɓoye zafin har sai ta yi ɓarna. A lokacin tsawa, rufin yadi ba ya ba da kariyar da rufin ƙarfe ke bayarwa daga aradu.

Ga mai saye, musamman na hannu

Sabuwar mota tana zuwa da dukkan kayan kariyar da aka saka mata suna aiki. Matsalar tana farawa idan ta canza hannu. Ƙarfen kariya mai aiki da abin fashewa sau ɗaya yake tashi, daga nan sai an sauya shi, kuma yana da tsada. Motar da ta taɓa hatsari ana iya gyara bodinta ta yi kyau a ido, alhali an danne ƙarafan da suka riga suka tashi, ko an cire jakar iska an rufe gurbinta. Fitilar gargaɗin jakar iska ya kamata ta kama idan aka kunna mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kamawa sam abin tuhuma ce daidai da wadda ta ƙi mutuwa. Ginshiƙin gilashin gaba da ya taɓa lanƙwashewa ba a miƙe shi da wuta, domin zafi yana kashe taurin irin wannan ƙarfen, sai dai a sauya shi yadda kamfani ya tsara.

Ruwa ma abin lura ne. Kowace buɗaɗɗiyar mota tana da ƙananan magudanai da ke fitar da ruwan da ya gangaro daga rufi. Idan ganye da ƙura suka toshe su, ruwan yakan taru a ƙarƙashin kujeru ko a cikin but, inda a motoci da yawa ake ajiye akwatunan kwamfuta da famfon da ke ɗaga rufi. Danshi a ƙarƙashin kafet ko warin rima ya isa a sa makaniki ya haɗa motar da kwamfutar bincike kafin a biya kuɗi.

Ga masu yara, yawancin waɗannan motoci ko dai kujeru biyu gare su ko kujerun bayansu matsattsu ne. Kujerar jariri mai kallon baya ba a sa ta a gaba sai an kashe jakar iskar wannan ɓangaren, kuma ba kowace mota ke da makunnin kashewar ba. A bayan kujerun baya kuma, inda ƙarafan kariya ke ɓoye, ba a ɗora jaka ko wani kaya, domin ta nan za su fito.